Zango na Arba'in da Bakwai

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023

"Ai mun wanke su tas, Injiniya. Da omo. Muka shanya su a igiya kwana biyu."

Da wannan Kawu Usaini ya tare ni a ƙofar zauren wasa, ko jakar Kano ban sauke ba. Yana faɗa yana murmushin mutumin da ke jiran a ce Allah ya saka da alheri. Na ce Allah ya saka da alheri.

Ledojin launi na fitilun Baba suka wanke.

Bari in rubuta yadda abin yake, in ga ko ni kaina na gane. Fitilu shida ne a rataye a saman dandamali. A bakin kowace akwai akwatin ƙarfe, Baba yana ce masa naɗi. A ciki doguwar leda ce, falle goma sha shida, kowane falle da launinsa, an haɗa su baki da baki da salatif an naɗe a jikin sanduna biyu. Ƙaramin inji ke jan ledar hagu ko dama. Fallen da ya tsaya a gaban fitila, shi ne launin da zai sauka a kan 'yan wasa. Umarni kuma daga allon maɓallai da ke bayan zaure yake zuwa. Duka a gwanjo Baba ya samo su, daga wani gidan talabijin da ya gaji da su.

Bara da ruwa ya fasa jinga ya shigo unguwa, Baba ya kutsa zauren nan ruwa har ƙirji, ya ɗauko allon a ka. Naɗin suna sama, ya bar su, raɓa da fumfuna suka yi musu abin da suka ga dama. Shi kuma sanyi ya kama shi a ƙirji. Ranar sha huɗu ga wannan watan zai shekara da rasuwa.

Ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo tana so ta yi wasan da ya shirya wa haske bai kai ga gani ba, ranar Asabar ta sama. Zango arba'in da bakwai ya ajiye a allon, kowane zango da haskensa. Shekara guda ba wanda ya yi ƙarfin halin kunna shi. Kawu ya ce, "Ke kika yi karatun wuta." Shekara biyar a jami'a, ga amfaninta ya zo.

Talata, 3 ga Oktoba

Mun toshe tagogi da buhuna, aka ta da janareto, na kunna.

Na manta da ƙarar. Da wuta ta shiga, naɗin nan shida suka ja ledarsu daga wannan ƙarshen zuwa wancan, suka dawo, shuuu, kamar ana jan tabarmi a siminti. Haka suke auna tsawon ledar, su raba shi gida ɗari biyu da hamsin da shida. Baba yana cewa, "Bar su su gaisa da ƙarshensu tukuna." Ina yarinya abin yana ba ni tsoro. Yau ban san me ya ba ni ba. Na ce wa Kawu ƙura ce.

Allon lafiyarsa ƙalau. Duk zangon suna nan.

Zango na ɗaya, asuba a bakin kogi, ya fito kore shar kamar miyar kuka. Na sha biyu, inda ake kawo wa matar masunci labarin kifewar kwale-kwale, ya fito ruwan hoda. Suwaiba ce matar. Ta tsaya a tsakiyar dandamali ta dubi hannuwanta ta ce, "Injiniya, takaba nake ko kamu?" Kowa ya yi dariya, har ni.

Sai a lokacin Kawu ya ƙarasa labarin. Falle biyu sun ruɓe, sun yanke su sun yar. Sauran kuma da suka bushe, suka ga jerin Baba ba tsari, ja kusa da kore, ruwan goro kusa da shuɗi, sai suka jera su daga mai haske zuwa mai duhu. "Don ya fi kyau a ido."

Na yi masa bayani a hankali. Allon bai san ja ba, bai san shuɗi ba. Lamba ya sani. Baba ya ce masa ɗari da biyu, shi ke nan, zai kai leda ɗari da biyu ya tsaya, ko me ya tarar a wurin. In an canza jeri, in an rage tsawo, in rana ta takure leda, lambar tana nan, launin ya yi ƙaura.

Kawu ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Wato babanki Badamasi ya ceto lissafin, mu muka zubar da miyar."

Ban taɓa jin an faɗi abin daidai haka ba.

Laraba, 4 ga Oktoba

Ba wanda ya san jerin. Mutum goma sha ɗaya, shekara ashirin suna tsayuwa a ƙarƙashin fitilun nan, ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na zazzage akwatin Baba. Akwai littafi, amma ruwa ya mai da shi dunƙule ɗaya kamar ƙullun tuwo. Na ɓamɓare shafi biyu, tawada ta narke.

Inna tana tsakar gida tana turara shinkafa, ba ta tambaye ni abin da nake nema ba. A gidan nan ba a kiran sunan allon. "Abin nan" take cewa, shi ma sau ɗaya na ji tun da na zo. Na ce mata an wanke ledojin. Ta juya shinkafa ta ce, "A ka ya ɗauko shi, da hannu biyu. Ke ma bai taɓa ɗaukarki haka ba."

Gaskiya ne. Ban ji haushi ba. Ni ce fa na taɓa ce masa, ina aji biyu a jami'a ina ji da kaina, wai wannan ba lantarki ba ne, wasan yara ne da leda. Ya yi dariya ya ce, "To Injiniya." Daga ranar sunan ya kama ni. Su Kawu sun zaci girmamawa ce.

Asabar, 7 ga Oktoba

Jiya na koma Kano na samo sababbin ledoji a wurin wani mai kayan situdiyo, na juyo a motar la'asar. Daga Jahun zuwa gida ruwa kwance a gonaki, amma bana ya tsaya inda aka ce ya tsaya.

Da safe na shimfiɗa su a tabarma, ga almakashi ga abin awo, ina ƙoƙarin ciro jerin daga lambobin. In asuba ɗari da talatin da shida ce, to falle na tara wani abu ne mai kama da asuba. Haka dai, kamar mai duba.

Inna ta wuce da ƙwarya. Ta sake wucewa. A na uku, ba ta ko tsaya ba, ta ce, "Ba haka ba ne. Bayan ruwan shayi gwaiduwa ce."

Na ce, "Na'am?"

Ta ajiye ƙwaryar. Ta zauna a bakin tabarma, ta soma tura su da yatsa ɗaya, tana kiran sunaye. Fari. Ruwan shayi. Gwaiduwa. Tattasai. Ganyen shinkafa. Zoɓo. Ruwan goro. Shuɗin kogi. Har sha shida, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sunayen ba na kamfani ba ne, nata ne. Na miƙa mata abin awo ta ture shi. "Taƙi ɗaya da yatsa huɗu. Nawa, ba naki ba. Naki sun cika tsawo."

Ashe ita ke haɗa masa su. Duk shekara bayan damina, a kan tabarmar nan, shekara goma sha tara. Shi yana riƙe baki, ita tana manna salatif. Na ce, "Ina ina lokacin?" Ta ce, "Kina ɗaki kina karatu."

Mun gama guda biyu kafin azahar. Da muka zo tsakanin ruwan goro da shuɗin kogi ta ce in miƙo siririn salatif, ba mai faɗin ba. Na miƙa. Ban tambaya ba. Ina rubuta wannan ne don in tuna cewa ban tambaya ba.

Litinin, 9 ga Oktoba

An ɗora duka shidan. Suka gaisa da ƙarshensu, na danna zango na ɗaya, sai ga asuba. Asuba ta gaske, irin wadda ke fitowa ta bayan ciyawar kacala a bakin kogi. Suwaiba ta ce, "Lā ilāha illallāh." Kawu ya fita waje ya daɗe.

Da suka tafi cin abinci na zauna na bi zangon ɗaya bayan ɗaya. Falle sha shida a kan ɗari biyu da hamsin da biyar, tsakanin falle da falle taki sha bakwai ke nan. Sifili, sha bakwai, talatin da huɗu, haka. Lambobin Baba suna kan hanya, sai 'yan kaɗan da suka kauce da ɗaya ko biyu. Na daidaita su.

Na arba'in da bakwai ne kawai ya lalace. Shi ne na ƙarshe, inda matar ke tsaye ita kaɗai a bakin ruwa. Duk fitilun shida sun tsaya a kan haɗi, rabi ruwan goro rabi shuɗi, kuma kowace da lambarta daban, ɗari da wani abu, ɗari da wani abu. Na ga dandamali ya yi wani dabbare-dabbare, ban ma tsaya kallo ba. Ko dai batirin allon ya fara rauni, ko idon Baba a kwanakin ƙarshe. Na kai su duka ɗari da sha tara, shuɗi tsantsa, wanda ya dace da baƙin ciki kamar yadda kowa ya sani. Na danna jan maɓallin da ke ajiye gyara. Allon ya tambaye ni ko na tabbata. Na sake dannawa.

Aiki ya yi kyau. Na sayi kifi banda na kai gida.

Laraba, 11 ga Oktoba

Da hantsi Inna tana tsintar shinkafa, ina shan koko. Kanta a sunkuye ta ce, "Wurin ƙarshen nan fa, ya fito?"

Na ce wanne.

"Inda ya tsayar da su a kan haɗi."

Ta ce damina guda ya yi yana fama da shi. Sau uku ya sa ta ɓare haɗin ta sake, har suka samo siririn salatif da ba ya yin inuwa. Don wannan zangon kaɗai ya ajiye ruwan goro kusa da shuɗi. Ta ce hasken mashigin Auyo ne, in rana ta kusa faɗuwa, rabin ruwan ya yi ja rabi bai yi ba. Ranar da aka kawo ta garin nan daga rugarsu, a kwale-kwale suka tsallaka.

"Ya ce in an yi wasan zai kai ni in gani. Ni ban taɓa shiga wurin nan ba."

Ta ci gaba da tsinta. Na shanye kokon. Har na wanke kofin.

Laraba, da yamma

Na duba ko'ina a cikinsa. Allon ba ya riƙe abin da aka rubuta wani a kansa. Ya tambaye ni, na amsa.

Ruwa har ƙirji bai ci lambobin nan ba. Shekara guda a kulle ba ta ci su ba. Omo ma bai kai gare su ba. Yatsa ɗaya, da digiri.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na faɗa wa Kawu Usaini. Ya ce, "Wa ya taɓa gani? Ba kowa. Shi kaɗai yake kulle kansa ya yi. Ki sa su a tsakiya kawai, ɗari da goma, ki ce shi ne. Uwarki ba ta san lamba ba."

Na gwada. Duka shida a ɗari da goma. Ya fito kamar tutar wata ƙasa, layi a miƙe, sama ja ƙasa shuɗi. Dole shi ya sa ya ba kowace fitila lambarta, don layukan su narke cikin juna. Lamba sha shida tsakanin fallen biyu, fitila shida. Na lissafa yawan hanyoyin da za a iya jera su, don lissafi ne abin da na iya. Sun haura miliyan goma sha shida.

Kawu yana da gaskiya, ba za ta sani ba. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na faɗa mata bayan an sauko daga masallaci. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Inna, na goge shi. Na zaci kuskure ne."

Ta dube ni. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, 'yar fari ce ni, kuma yau ma ba ta kira ba. Ta ce, "Ke dai." Shi ke nan. Ta shiga ɗaki. Na zaci ta gama da ni, sai ta fito da mayafi.

"Tashi mu je."

A ƙofar zauren ta tsaya ta kalli layin tsatsar da ruwa ya bari a jikin ƙarfen. Ta sa tafin hannu a kai, daidai ƙirjin mutum. Ta wuce allon kamar ba ta gan shi ba, ta zauna a benci na uku. Kawu ya ta da janareto ya yi waje, Allah ya ba shi wannan basirar.

Na kashe komai na bar fitila ɗaya. Na soma turawa, taki ɗaya ɗaya.

"Ƙara. Ƙara. Kin wuce. Dawo."

Ta biyu. Ta uku. Da muka kai ta huɗu ta ce ta farkon ta yi ja da yawa, muka koma. Ta ce jan ba a sama yake ba, a kan ruwa yake kwance, saman ya riga ya huce. Ta ce akwai wani wuri a gefen hagu da launin ba shi da suna, in bar shi haka. Ni da nake da lamba ga komai, ina bayan zaure ina karɓar umarni daga matar da ba ta taɓa riƙe biro ba. Har la'asar ta kusa.

Na ce, "Inna, ke fa ba ki ga nasa ba. Ta yaya za mu san mun dace?"

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Shi ina ya gani? Baya ya ba rana, yana taya mai jirgi tuƙi, wai don in ce jarumi ne. Ni na gani. Ni na ba shi labari. Shekara talatin yana tambayata."

Na tura ta shidan taki biyu. Ta ce, "Tsaya."

Ban san yadda zan rubuta abin da ke kan dandamalin ba, kuma ba zan gwada ba. Allunan katako ne da tsohon labule. Amma na ji sanyin ruwa a ƙafata.

Mun daɗe. Na ce ta zo ta danna jan maɓallin da hannunta. Ta ce, "Ni ba na taɓa shi." Na danna. Ya tambaye ni ko na tabbata.

108, 112, 109, 114, 110, 106.

Ga su nan a rubuce. Ban sani ba ko ɗaya ta yi daidai da tasa. Ba kuma zan taɓa sani ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Da safe an yi addu'a a gida, an raba waina. Bayan la'asar aka yi wasa. Zaure ya cika, har daga Miga an zo.

Inna ba ta je ba. Ta ce, "Na gani jiya."

Zango arba'in da shida sun bi juna lafiya. A na ƙarshe Suwaiba ta tsaya ita kaɗai, kuma maganar da aka rubuta mata ba ta fito ba. Ta buɗe baki ta rufe. Ba wanda ya yi tari. Kawu ya zo bayana yana share fuska da hannun riga, yana cewa, "Badamasi ke nan. Wallahi hannunsa ne, ko a ina na gani zan gane."

Shi da ya san komai. Ban gyara masa ba. Na gama gyare-gyare a makon nan.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Kafin in fito na ce Inna ta ba ni hannunta. Na ɗora shi a kan abin awo, taƙi ɗaya da yatsa huɗu. Santimita ashirin da shida da rabi. Ta ce, "Me za ki yi da shi?" Na ce ba komai. Jerin sha shidan ma na rubuta a bangon littafin nan, da sunayenta. Ta sa min kifi da shinkafa a leda, ta ce leda ba ta wuce shekara, zafi yana cinye shuɗin, bayan damina sai an sake. Ba ta ce wa zai riƙe mata baki ba. Ni ma ban ce ba.

Na biya zauren. Na kwance wayoyi, na lulluɓe allon da tsohon zanen da Baba ke rufe shi da shi, na ɗora shi a kan kanta mafi tsawo. Batirin da ke riƙe masa lambobin ya tsufa. In ba a kunna shi duk wata ba, wata rana za a buɗe a tarar ba komai. Na yi wa Kawu wannan bayanin, ya ce shi wallahi ba ya taɓawa, ya tura min makullin a tafin hannu. Kano zuwa nan awa uku ce, zan riƙa zuwa duk wata. Saboda batirin ne.

Ƙofar ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da kafaɗa, tun ambaliya. Na ɗaga, tsatsar ta shafe min mayafi. Ta rufu. Na ja kwaɗo, na ɗauki jakata, na tsai da mai babur zuwa tasha.